Farfesa Iliya da Waƙoƙin Mahaifiyata

Ranar wata Asabar da hantsi labarin ya same ni. Ina gidanmu a unguwar Nasarawa, na riƙe wa mahaifiyata bakin ƙyalle tana tace kunun zaƙin da take kaiwa ƙofar masaƙa a Kakuri, rediyo na kan taga ana karanta sanarwar rasuwa. Sai muka ji an ce Allah ya yi wa Farfesa Iliya na Barnawa rasuwa bayan doguwar jinya, malamin shari'a, ya bar mata da 'ya'ya da jikoki. Mahaifiyata ta dakata, ta goge hannu a zaninta, ta ce, "Ubangiji ya ba shi hutawa." Ta tsaya tana kallona. Na ce mata ta kama ɗaya gefen ƙyallen kada kunun ya zube.

Tsofaffin ɗalibansa sun nemi kowannenmu ya rubuta abin da ya tuna game da shi, a haɗa a ba iyalinsa da masu makoki. Na ga abin da wasu suka rubuta. An kira shi garkuwar mawaƙa, an kira shi uban marubuta. Ban ce ƙarya suke yi ba, kowa daga inda ya tsaya ya kalli mutumin. Ni ma ɗalibarsa ce. A hannunsa na koyi dokar haƙƙin mallaka, wato dokar da ta ce wanda ya tsara waƙa ko ya rubuta littafi shi ke da iko da abinsa, kuma da abin da ya koya mini nake aikin lauya a yau. Amma ba zan ɓoye ba, na daɗe ina jin haushinsa, kuma mutuwarsa ba ta cire mini wannan haushin ba. Shi da kansa ya tsani shaidar da aka yi wa kwalliya. Saboda haka zan faɗi abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi, iyalinsa su yi haƙuri da ni.

Dogo ne siriri, ba ya dariya sai da gefen baki. A jami'a, idan ya shigo aji da kansa yake rufe ƙofa, wanda ya makara ya ɗauki darasinsa ta taga. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, kuma bai taɓa bukatar hakan ba. Idan ɗalibi ya miƙe ya yi dogon bayani mai ban tausayi a kan wata shari'a, sai ya bar shi ya gama tsaf, ya gyara zaman tabarau, ya ce, "To, mun ji zuciyarka. Yanzu nuna mana shafin." Yakan ce mana tausayi abu ne mai kyau, amma alƙali ba zai ɗora hukunci a kansa ba. Muna tsoronsa, muna kuma kwaikwayon tafiyarsa a bayan idonsa, amma duk wanda ya fita daga hannunsa ya san yadda ake karanta doka layi bayan layi ba tare da an ƙara mata abin da ba ta ce ba.

A kan haƙƙin mutane kuwa, tsantseninsa har ya yi yawa. A shekarun da littattafan shari'a suka yi wuyar samu, kusan kowa na jabu yake saye, irin waɗanda ake bugawa a ɓoye ana shimfiɗawa a bakin titi. Wani ɗalibi mai neman shiga ya kai masa irin wannan a matsayin tsaraba. Farfesa ya juya littafin, ya shinshina takardar, ya miƙa masa abinsa ya ce, "Wanda ya rubuta wannan yana da 'ya'ya." Ya gwammace ya ba mu aron nasa, mu yi ta karɓa-karɓa har bangon ya fita. Ni kuma na taɓa yin wata 'yar tambaya a aji, wadda ni kaina na manta da ita. Bayan wasu watanni sai ga sunana a ƙasan shafin wata maƙalarsa, yana godiya ga ɗalibarsa Laraba da ta jawo hankalinsa ga batun. Na kawo wa mahaifina mujallar, ya zagaya da ita layinmu kaf yana nuna wa mutanen da ba su jin Turanci. A lokacin, duk wanda ya taɓa Farfesa a gabana da ni zai yi.

Na kawo wannan ne don a gane cewa mutumin ya san darajar suna. Abin da ya yi wa mahaifiyata ba cikin rashin sani ya yi shi ba.

Sunan mahaifiyata Rifkatu. Karatunta na yaƙi da jahilci ne, iyakarta Littafi Mai Tsarki na Hausa da littafin waƙoƙi. Tun ina ƙarama ita ke tsara waƙoƙin da matan zumunta na cocinmu suke rerawa. Na san ita ce domin a gabana suke fitowa. Tana daka ko tana wanki za ka ji tana maimaita layi ɗaya, ta cire kalma ta sa wata, har ya zauna, wani lokaci ta kira ni ta ce in riƙe mata amshi ta ji yadda zai faɗo. Ranar zumunta ta kai wa mata, su ɗauka da tulu da caki, kafin a jima ka ji ana rera ta a Kakuri da Tudun Wada har Rido. Amma matan zumunta suna da al'adarsu: ba a cewa "waƙata". Wadda ta kawo sabuwa takan tsaya ta ce, "Ga abin da Ubangiji ya ba mu." Idan ta kuskura ta ce tata ce, an yi mata kallon mai girman kai ke nan, shugabar mata ta ja ta gefe ta yi mata faɗa. Kowa ya san mai waƙar, amma ba a faɗa a fili.

Wadda ta fi shiga ran mutane ita ce ta yayana Yakubu, wanda mota ta kashe a hanyar Kachia yana dawowa daga aiki. Bayan mun binne shi, mahaifiyata ta daɗe tana auna garin tuwo har da kasonsa bisa mantuwa, sai an zo rabawa ta ga malmala ɗaya ta yi saura. Daga nan waƙar ta fito: "Na tuƙa na kowa da kowa, ya Ubangiji, ɗaya bai zo ba." A zaune ake rera ta, a hankali, ko tulun ma ba a buga masa hannu da ƙarfi.

Akwai wani mai shagon kaset a Tudun Wada, Danladi. Ya riƙa zuwa taron mata da rakoda a cikin jaka yana ɗaukar waƙoƙin. Ya tara wasu 'yan mata da mai jita suka sake rerawa, ya buga kaset da hotonsa a jiki, ya sa sunansa a matsayin mai waƙa. Ta Yakubu ya sa mata kiɗa mai sauri, ta koma waƙar rawa. Mahaifiyata a cikin bas ta fara jin ta, suna ƙetare gada, kwandasta na bubbuga jikin mota yana bi. Daga baya ta ji ta tana tashi daga gidan giyar da ke bayan layinmu. Ta shiga ɗaki ta kwanta da rana tsaka, abin da ban taɓa ganin ta yi ba ko da zazzaɓi. Sannan da matan suka fara shirin ɗaukar nasu kaset, sai Danladi ya aiko musu cewa waƙoƙin nasa ne, duk wadda ta buga su za su haɗu a kotu.

Lokacin ban daɗe da gama karatu ba, kaina cike da abin da Farfesa ya zuba mana, kuma na ga hanyarmu a buɗe. A dokar wancan lokaci, waƙa tana samun kariya da zarar an rubuta ta ko an ɗauke ta, ko da wani ne ya ɗauka ba da izini ba, kuma mai ita shi ne wanda ya tsara. Wato Danladi da hannunsa ya ɗaure kansa. Abu ɗaya ya rage, a tabbatar cewa Rifkatu ce ta tsara. Na tafi Barnawa na kwashe labarin na gaya wa Farfesa, domin a wannan fanni ba wanda maganarsa ta kai tasa nauyi. Na ga idonsa ya yi haske. Ya ce da kansa zai zo.

Ya zo ranar zumunta da la'asar a tsohuwar motarsa, ya ajiye ta a bakin kwalbati ya tako cikin taɓo da takalminsa mai ƙyalli. Ya zauna a benci cikin mata, ya sha kunu, ya saurari waƙar Yakubu har ya cire tabarau ya goge ido. Wannan na gani da idona, ba zan hana shi ba. Sannan a gaban matan duka, shugabarsu na zaune, ya juya ga mahaifiyata.

"Mama, wa ya tsara waƙar nan?"

"Ranka ya daɗe, Ubangiji ne ya ba mu."

"Na ji. Amma a cikinku wace ce ta fara yin ta?"

Mahaifiyata ta dubi ƙasa. "Tamu ce duka, ranka ya daɗe. Wannan ta sa nata, wannan ta gyara. Ni wace ce?"

Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga mini hannu kamar muna aji. "Laraba, ba ke na tambaya ba." Ya dubi sauran matan ya ce, "Haka ne?" Suka amsa baki ɗaya cewa haka ne. Ya gyaɗa kai, ya rubuta, ya yi musu godiya, ya koma motarsa.

Farfesa ba baƙon da ya sauka jiya ba ne. Ɗan Filato ne, a coci ya girma, mahaifiyarsa matar zumunta ce, matarsa ma haka. Ya san sarai abin da "tamu ce" ke nufi a bakin waɗannan matan. Ya san da ya same ta a gida tana daka, ya ce mata, Mama, ba don yabo nake tambaya ba, don a karɓo miki abinki ne, da ta gaya masa yadda kowane layi ya zo mata da abin da take yi a lokacin. Ya zaɓi ya yi tambayar a wurin da mace mai kunya ba ta da wata amsa sai wadda ta bayar. Na yi shekaru ina juya wannan a raina ko zan samo masa uzuri, ban samu ba.

Ba a daɗe ba sharhinsa ya fito a jarida, a filin da yake rubutu kan al'amuran shari'a, daga baya ya faɗaɗa shi a mujallar masana. Rubutu ne mai kyau, wannan ma yana cikin abin da ya ƙona mini rai. Ya ce dokarmu aro ce daga Turawa, tana neman mutum guda mai suna a bayan kowace waƙa, alhali waƙoƙinmu da yawa na jama'a ne, baki da baki suke gina su. Ya kawo matan Nasarawa a matsayin misali. Ya ambaci mahaifiyata da sunanta da unguwarta, ya ce ita da bakinta ta shaida masa ba ita ta tsara ba. Ya kammala da cewa irin wannan waƙa ba ta da mai ita a idon dokar da muke da ita, kowa na iya ɗauka, kuma abin kunya ne da ya wajaba gwamnati ta gyara. Mutumin da ya sa sunana a ƙasan shafi saboda 'yar tambaya, shi ne ya buga sunan uwata a tsakiyar shafi don ya ce ba ta yi komai ba.

Danladi ya yanke shafin ya manna a bangon shagonsa kusa da hotonsa. Na je na samu dattawan coci na ce musu har yanzu muna da hanya, tawali'un mace a gaban jama'a ba shi ne ƙarshen shaida ba, ga maƙwabta nan da suka yi shekaru suna jin ta tana tsara waƙoƙin ta kan katanga. Wani dattijo ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "'Yata, malaminki ya rubuta a jarida. Ke kin fi shi ne?" Mahaifiyata kuma ta ce ba za ta tsaya gaban alƙali ta warware abin da ta faɗa a ɗakin Ubangiji ba. Matan suka fasa nasu kaset ɗin, ko da yake sharhin bai ba Danladi ikon hana su ba, don ba mai son ta sake ganin sunanta a jarida. Maganar ta mutu a nan.

Na koma Barnawa na same shi a tsakar gida yana ban ruwan furanninsa. Ko zama ban yi ba.

"Farfesa, ka san ita ce."

"Na san abin da ta faɗa mini."

"Ka kuma san dalilin da ya sa ta faɗa."

"Laraba, mai bincike ba ya sa wa mai shaida magana a baki," in ji shi, bai ko juyo ba. "Idan na taimaki mahaifiyarki, mace ɗaya na taimaka. Idan na nuna wa gwamnati ramin da ke cikin dokar nan, an taimaki kowa."

"To me ya sa sai da uwata za ka auna zurfin ramin?"

Ya matsar da butar zuwa tukunyar fure ta gaba. Can ya ce, "Nuna mini inda na yi kuskure a doka, in gyara a bugu na gaba." Na tsaya ina kallon ƙeyarsa. Na juya na fita, ban sake taka gidansa ba yana da rai.

Abin da na fi riƙe shi da shi ba kaset ɗin ba ne. Daga wannan shekarar mahaifiyata ta daina yin waƙa. Tana zuwa zumunta, tana amsa ta wasu, amma sabuwa ba ta sake fitowa daga bakinta ba. Gidan da muka saba tashi da muryarta ya koma ba ka jin komai sai ƙarar turmi. Idan na matsa mata da tambaya sai ta yi 'yar dariya ta ce, "Ai jarida ta ce ban taɓa yi ba, me zan daina?" Na tsani wannan dariyar. A cikin wannan shirun masaƙar da mahaifina ke aiki ta sallame shi, a cikinsa ya kwanta ciwo, a cikinsa ya rasu. Matar da ta yi wa maƙwabta waƙar suna da ta aure da ta makoki ba ta yi wa mijinta ko layi ɗaya ba.

Shi kuwa Farfesa ya samu abin da yake nema. Yana cikin masanan da suka yi ta rubutu suna matsa wa gwamnati, kuma sabuwar dokar da aka fitar kwanan baya ta yi tanadi domin waƙoƙi da fasahar gargajiya. Don wannan ake kiransa garkuwar mawaƙa, ba na kuma musun cewa wasu za su amfana. Na karanta dokar da kyau, yadda ya koya mini. Waƙar da aka ce ba ta da mai ita yanzu sunanta kayan al'ada, hukuma ce ke ba da izinin amfani da ita. Wato an karɓe daga hannun irin su Danladi an miƙa wa wani ofishi a Legas. Mahaifiyata ba al'ada ba ce. Mace ce mai suna, mai ciwon gwiwa, wadda ta binne ɗa ta dawo gida ta tuƙa tuwo har da nasa.

Sau ɗaya ya sake zuwa Nasarawa, ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, direba ke tuƙa shi. Ba na gida. Mahaifiyata ta ce ya ƙi shiga ciki, a ƙofa aka sa masa kujera. Ya tambaye ta lafiya, ya yi mata gaisuwar mahaifina, sannan ya tambaya ko akwai sabuwar waƙa. Ta ce babu. Sai ya ce, "Mama, ban yi kuskure a doka ba." Ta ce, "Ai ban ce ka yi ba, ranka ya daɗe." Ta kawo masa kunu, ya riƙe kofin har ya tashi bai iya sha ba. Masu kyakkyawan zato za su ce neman gafara ya kawo shi. Mai yiwuwa ne. Amma mutum ne da kalma ba ta taɓa yi masa wuya ba a rubuce ko a baki, kuma wannan ɗayar bai faɗe ta ba.

Bayan sanarwar rasuwarsa, shugabar mata ta zo gidanmu gayyatar mahaifiyata zuwa jana'iza. Matarsa, Mama Hannatu, 'yar zumunta ce a cocin Barnawa, kuma idan mijin 'yar zumunta ya mutu, matan cocin da ke kewaye sukan je su tsaya mata da waƙa ranar jana'iza. Da shugabar ta fita na ce, "Mama, ba za ki je ba."

"Matarsa me ta yi mini?"

"To ki je ki amsa ta wasu ki dawo."

Washegari ina ɗaki ina guga, sai na ji daga bayan gida, tsakanin bugun taɓarya, ana maimaita layi ɗaya, a cire kalma a sa wata. Na ajiye dutsen guga na zauna a bakin gado. Na yi shekaru ina roƙon Allah in sake jin wannan, sai ga shi ya zo ta dalilin mutumin da ya kashe shi. Na yi kuka, kuma har yau ba zan iya cewa na murna ne ko na baƙin ciki ba.

Ranar jana'iza cocin ya cika da alƙalai da lauyoyi da manyan malaman jami'a. An yi jawabai masu tsawo, kowa na faɗin yadda marigayi ya tsaya wa masu fasaha. Sannan matan zumunta suka miƙe cikin ankonsu, mahaifiyata a gaba tana ɗingisa ƙafa. Ta ce, "Ga abin da Ubangiji ya ba mu," ta fara. Ba yabon Farfesa ta yi ba, ko sunansa babu a ciki. Waƙar ta matar da aka bari ce: "Kujerarsa na nan inda ya bar ta, ya Ubangiji, wa zan ce ya ɗauke?" Mama Hannatu ta rufe fuska da mayafi. Na san rabin waƙar ta mahaifina ce, wadda aka hana shi.

A nan idona ya faɗa kan Danladi. Yana zaune a ƙarshen benci, jaka a kan cinya, bakinta a buɗe, 'yar jar wuta na ci a ciki. A jana'izar malamin haƙƙin mallaka, a tsakiyar alƙalai. Na bari sai da waƙar ta ƙare, domin ba zan katse uwata saboda shi ba. Fasto na cewa a sunkuyar da kai, na tashi na ratsa benci, na sa hannu a jakar na danna, na zaro kaset ɗin.

"Haba Barista," in ji shi ƙasa-ƙasa, "a coci?"

"A coci ka ɗauka."

"Kaset ɗina ne fa."

"Ga alƙalai nan sun cika benci. Zaɓi ɗaya ka kai ni ƙara."

Ya waiga hagu da dama, ya ga idanun da ke kansa, ya ja bakin jakarsa ya rufe.

Mahaifiyata ta ga komai daga inda take tsaye. Tun daga Barnawa har muka sauka a bas faɗa take yi mini, wai na ba ta kunya a gaban manya, wai ana addu'a ina kokawa da jakar namiji. Da muka isa gida ta cire ankon, ta zauna a tabarma tana murza gwiwarta da man zafi. Can ta ce, "Abin nan yana wurinki?" Na ce yana nan. Ta ce, "Sa mini in ji."

Sai a lokacin na tuna ba ta taɓa jin muryarta ba, domin a kaset ɗin Danladi na kasuwa 'yan matansa ne ke rerawa. Ta rufe ido ta saurara har ƙarshe. "Ashe haka nake," in ji ta. "Na yi sauri a baiti na biyu." Ta sa na mayar, ta sake ji. Sannan ta tambaye ni, idan mutumin nan ya riƙe amshin a kansa fa, zai iya zuwa ya koya wa 'yan matansa? Na ce zai iya. Ta ce, in ya yi, me doka za ta ce? Na ce doka za ta tambayi mai waƙar, kuma ni ba zan iya amsa mata ba.

Ta daɗe tana juya kaset ɗin a hannunta. Sannan ta ce in kawo biro. Ta ɗora shi a kan gwiwar da ke mata ciwo, ta rubuta a jikin farar takardar, harafi bayan harafi da manyan baƙaƙe irin na ajin yaƙi da jahilci, har biron ya kusa huda takardar: RIFKATU. Kafin in rubuta wannan na nemi izininta, na ce mata matan zumunta za su karanta, shugabarsu ma za ta gani. Ta ce in rubuta, ita za ta ji da shugabar.

Ana cewa a yafe wa mamaci. Mahaifiyata ta yafe masa tun yana da rai. Ni ina ƙoƙari, ban kai ba tukuna, kuma ba zan rubuta cewa na kai ba don in faranta wa masu makoki. Amma gafarar da yake bukata yanzu ba tawa ba ce. Ubangiji Mai jinƙai ya gafarta wa bawansa Iliya abin da na sani da abin da ban sani ba, ya karɓi wahalar da ya sha a kan ɗalibai irina, ya ba shi hutawa. Ya ta'azantar da Mama Hannatu, ya ba ta ƙarfin zama a gidan da ya yi mata faɗi. Ya riƙe 'ya'yansa da jikokinsa, ya haɗa kansu, ya ba su haƙurin karanta abin da na rubuta game da mahaifinsu. Ni kuma ya sassauta mini zuciya a lokacin da ya ga dama. Amin.